Ladabin Baƙar Jif

Ranar da motar ta fara durƙusawa a ƙofar gidansa, ranar ya kamata Malam Zailani ya ce a juya da ita inda aka ɗauko ta. Bai ce ba. Dariya ma ya yi, irin wadda rabonsa da ita tun kafin gari ya lalace. Kafin masarar shekarar ta gama shiga rumbu, dariyar nan ta raba shi da ɗan da ya rage masa a Ƙanƙara.

Malam Zailani mai shagon taki da maganin feshi ne a bakin kasuwa. 'Ya'yansa maza uku, amma Lawwali ya tattara iyalinsa ya koma Kaduna tun lokacin da aka fara tare hanyoyi, Sadiq kuwa ya tafi Katsina karatu ya zama baƙon Sallah. 'Yarsa Adama tana aure a Sabuwa, sai a waya. Mas'udu kaɗai ya zauna. Shi ne mai sayen masara da waken soya a Yankara da ƙauyukan Faskari, yana kwasowa a wata tsohuwar a-kori-kura fara, wadda ƙofarta ɗaya sai an ɗaure da igiya. Salansarta ta fashe tun tuni, saboda haka tun daga kwanar tasha ake jin zuwanta. Wannan ƙarar ita ce abincin yamman Malam Zailani. In bai ji ta ba, tuwo ba ya wuce masa. Ba arziki yake roƙa wa yaron ba, arzikin yana zuwa daidai gwargwado. Roƙonsa kullum guda ne: Allah ya sa kada idon kowa ya tsaya a kan Mas'udu.

To amma Mas'udu yana da ciwo, ciwon nan kuwa mota ne. Tun yana ƙarami da karan dawa yake ƙera su. Da ya girma sai ya sami abokan ciwo, suka kafa majalisa a gindin darbejiyar da ke wurin wankin mota, daura da shagon uban. Ko Malam Zailani bai so ba sai ya ji. Akwai Gide, dillalin motoci, wanda rabin ransa yana Kano. Akwai Muttaka, malamin firamare, wanda babur kaɗai gare shi amma babu motar da aka ƙera a duniya da bai san cikinta ba ta waya.

"Dubi gabanta don Allah," Gide zai ce, yana miƙa waya. "Wagga ba mota ba ce, sarauta ce."

"Sarautar mi?" in ji Muttaka. "Hanci kamar ragar gasa tsire. Sun ɓata ta. Ta da can ta fi mutunci, ƙirarta a tsaye kamar akwati, ka san namiji ya zo. Wagga kuwa sun lanƙwashe mata baya kamar tana jin kunya."

"Kai da ko keken ɗinki ba ka da shi, kai ne mai raina hancin jif?"

"Ido gare ni, Gide. Ido ba ya shan fetur."

Sai a kwashe da dariya. Mas'udu ba ya yawan magana a irin wannan musu. Karɓar wayar yake yi, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya yi shiru yana kallo. Wannan shirun ne ya fi damun ubansa.

Da damina ta kankama, rannan bayan magariba Mas'udu ya shigo zaure ya zauna ƙasa, ya daɗe yana gaisuwa. Malam Zailani ya san gaisuwar da ke da jela.

"Baba, Gide ya samo wata mota a Kano. Mai ita zai bar ƙasar, shi ya sa ya karya ta. In na ba da a-kori-kurar na cika da abin da na tara, ta zama tawa."

"Wace iri?"

"Jif ce. Baƙa."

"Buhu nawa take ɗauka?"

Mas'udu ya sosa ƙeya. "Ba ta kaya ba ce, Baba. Kaya sai in riƙa ɗaukar shata."

"Ka sayar da mai ciyar da kai ka sayo wadda za ka ciyar." Malam Zailani ya gyara zama. "Wannan ma ba shi ne ba. Mas'udu, a garin nan? Yanzu? Mutane na ɓoye sabon takalmi, kai za ka sa baƙar jif a hanyar Sheme? Ka san akwai masu zama a bakin kasuwa ba saye ba sayarwa, aikinsu kallo da buga waya. Ban yarda ba."

Mas'udu ya ce to. Yaro ne mai biyayya, bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba. Da maganar ta tsaya nan, da shi ke nan.

Gide ne ya ce ai kallo ba saye ba ne. Wai zai kai ta Katsina wurin wani Alhaji, sai ya biyo da ita ta Ƙanƙara don 'yan majalisa su wanke ido. Da hantsi ta shigo layin su Malam Zailani, ba ƙara ba hayaƙi, sai dai tsakuwa na ƙas-ƙas a ƙarƙashin tayoyinta. Baƙa ce wuluk, gilasanta masu duhu, tsayinta ya kusa kai indararo. Yara suka biyo ta da gudu. Malam Zailani ya fito da niyyar faɗa, ya tsaya a bakin zaure yana riƙe da gwiwarsa ta hagu, wadda ta shekara biyu tana hana shi sakat. Ko a-kori-kurar Mas'udu sai an kama masa hannu yake hawa.

Gide ya sauke gilashi. "Baba Malam, barka da hantsi. Bismillah, zagaye ɗaya."

"Ni da wannan ƙafar? Sai dai ku kawo tsani."

"A'a, Baba. Wagga ta san manya."

Ya danna wani abu. Motar ta yi ajiyar zuciya, wani dogon huci kamar na saniya, sai ga ta tana yin ƙasa a hankali, gaba da baya, har matakinta ya zo daidai idon sawun Malam Zailani. Ta tsaya nan tana jira.

Yara suka sa ihu: "Ta durƙusa! Ta gaida Malam!"

Ai sai dariya ta ƙwace masa. Ya ɗaga ƙafa ya shiga ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kujerar fata ta rungume bayansa, sanyi ya dake shi, ƙamshi kamar na sabon takalmin Sallah. Motar ta sake miƙewa da shi, ya ga kan katangar maƙwabta. Da suka bi ta ramukan bayan kasuwa, gwiwar ba ta ko motsa ba. Ya waiga ya ga fuskar Mas'udu a kujerar baya. Rabon da ya ga yaron da irin wannan fuskar tun ranar da aka haifa masa 'yarsa Ikhlas.

Da suka dawo, motar ta sake durƙusawa ya sauka. Ya tsaya yana kakkaɓe riga, ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Abin da ya san ladabi haka, ba a kore shi daga ƙofar gida ba."

Gide ya ɗaga hannu sama. Mas'udu ya durƙusa shi ma. A-kori-kurar ta tafi Funtuwa a makon.

Sharuɗɗa Malam Zailani ya kafa. Motar a gidansa za ta riƙa kwana, a filin da ke bayan zaure inda da ake ɗaure shanun huɗa, kuma a lulluɓe da tamfol. Lungun su Mas'udu ma ba ya cin ta. Ya kuma hana a fita da ita bayan la'asar.

Majalisar gindin darbejiya ta sami abin yi. Sunan motar ya zama Mai Ladabi. Kullum sai an wanke ta, ko ba ta je ko'ina ba, kuma kullum sai an yi musu a kanta.

"Ni fa fitilun bayan nan ne ban gane ba," in ji Muttaka. "Siririn layi kamar an ja kwalli."

"Kwallin ne kuɗin," in ji Gide. "Ka san mi ake kira tsari kuwa?"

"Na san mi ake kira gidan mai. Mas'udu, gaya masa tsakani da Allah, daga nan zuwa Ƙetare mi ta sha?"

Mas'udu ya yi murmushi. "Tana sha."

"Tana sha! Ka ji mai haƙuri. Jiya na ga yaron gidan mai ya canza hannu, hannun farko ya gaji."

"Babbar mota ba ta faɗuwa," Gide ya ce. "Ko bayan shekara ka kai ta Kano, kuɗinka na nan."

"Kuɗin wa? Wagga irin, ranar da ka saye ta ranar ta fara zubewa. Mai kuɗin da zai iya riƙe ta sabuwa yake so. Wanda ke son tsohuwa kuwa ba ya iya riƙe ta. Sai ta tsaya a tsakiya tana kyau."

Malam Zailani yana auna wa manomi taki yana ji. Gaskiyar Muttaka ta fara fitowa. Wani bajimi ya goga ƙaho a madubin gefe ranar kasuwa, aka nemi madubin a Funtuwa babu, a Katsina babu, sai daga Legas, kuma abin da aka biya ya isa a yi wa tsohuwar a-kori-kura sabon inji. Baƙin manta ba irin na bakin titi ba ne. Tayarta guda ta yi ƙari, aka ce ba a canza ɗaya sai biyu. Ga kuɗin shatar motar kaya duk ranar kasuwa. Shafa'atu, matar Mas'udu, ta faɗa wa surukarta Hajiya Suwaibatu cewa cefane ya fara ramewa. Mas'udu dai bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Duk da haka akwai wani abu da Malam Zailani ya riƙe a ransa shi kaɗai. Shi ne mai yaye tamfol in ya dawo daga sallar asuba. Wata safiya, wajen tsakiyar damina, ya yaye sai ya tarar da motar a durƙushe. Ba duka ba. Gabanta ne ya yi ƙasa, musamman ɓangaren hagu, wajen da ke fuskantar ƙofar zaure, kamar yadda yarinya mai tarbiyya ke rusunawa da gwiwa ɗaya. Ya duba ko Mas'udu na kusa da makulli. Babu kowa, sai kaji.

Ya matso kusa da ita. Sannan a hankali ya ce, "Lafiya lau. Kin tashi lafiya?"

Kashegari ma haka. Jibi ma haka. Ya ba Hajiya Suwaibatu labari tana dama koko.

"Turawan nan ba su bar komai ba. Ta gane ni fa. Da na fito take rusunawa."

"To, Malam, ka yi sabuwar 'ya. Sai ka sa ta ta riƙa share tsakar gida."

"Ke dai ba ki san na'ura ba."

"Ka gaya wa Mas'udu?"

"In gaya masa mi? Motarsa ce, ya fi ni sanin halinta."

Gaskiyar ita ce kunya yake ji. Shi da ya ce bai yarda ba, shi da ke yi wa yaron wa'azin fetur kullum, ya zo ya ce mota na gaishe shi yana amsawa? Mas'udu kuwa bai taɓa ganin abin ba. Ɗabi'arsa ce tun daga bakin layi ya danna makulli a aljihu, motar ta tashi da kanta don cikinta ya yi sanyi. Kafin ya gaida mutanen layi ya ƙaraso, ta yi hucinta ta miƙe tsaf. Abin da Malam Zailani ya lura kawai shi ne gaisuwar na ƙara zurfi, hucin miƙewar kuma na ƙara tsawo. Ya ɗauka sabo ne.

Kaka ta yi, masara ta fito. Ranar wata kasuwar Yankara, Malam Zailani ya ce zai bi Mas'udu, yana da dilan taki da zai gani. Tafiya ta yi daɗi. Mas'udu ya yi ciniki mai kyau, mai motar shata ya loda ya wuce, sai ragowar buhuna kaɗan da ba su sami wuri ba. Barinsu a kasuwa har wani mako asara ce.

"A kwantar da kujerun baya," in ji Mas'udu.

"A kan fatar?"

"A shimfiɗa tabarma. Ai ƙarfi gare ta, Baba, injinta ya fi na a-kori-kura sau nawa."

'Yan dako suka yi ta dariya suna turawa. "Alhaji, yau Hajiya ce da dakon masara?" Lodin ya ja lokaci. Sai da suka yi la'asar suka kama hanya, Malam Zailani yana ta duban rana yana ja wa kansa tsaki.

Sun wuce Sheme sun miƙi hanyar Ƙanƙara, sun shiga wurin da gonaki ke ƙarewa daji ya matso bakin kwalta, sai wani abu ya yi ƙara a gaban motar. Rubutu ya fito ja a allon gaban direba. Suka faɗa wani rami da ba shi da zurfi, sai ga wannan hucin da Malam Zailani ya sani, amma wannan karon bai tsaya ba. Gaban motar ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, har taya ta fara cin jikin ƙarfe. Mas'udu ya gangara gefe ya tsaya. Ya danna maɓallin miƙewa. Wani abu ya yi gurnani a ƙarƙashinsu, ya yi tari, warin ƙonewar waya ya taso, ya yi shiru. Bayan ma ya zauna.

Mai Ladabi ta durƙusa a tsakiyar daji, babu wanda take gaisarwa.

Suka fito. Mas'udu ya kashe ya tayar, ya kashe ya tayar. Ya kira Gide, waya ba ta shiga. Motoci biyu suka zo, da suka hango baƙar jif a karkace a bakin hanya da ƙofofi a buɗe, sai suka ƙara wuta. Malam Zailani bai ga laifinsu ba. Shi ma da haka zai ce a yi.

Sai ga babur daga wata 'yar hanya ta cikin daji, mutum biyu a kai, sun naɗe fuska da rawani saboda iska. Suka wuce a hankali. Suka je can suka juyo. Na bayan ya sauke ƙafa ɗaya.

"Sannunku. Lalacewa ta yi?"

"Ɗan abu ne kaɗan," in ji Malam Zailani da sauri, ya sha gaban ɗansa. "Ta aro ce ma. Mai ita na tafe da mutane."

Mutumin ya yi dariya ta cikin rawani. "Aro, Baba? Ai mun san ta. Ta Mas'udu mai masara ce, wadda ke durƙuso." Ya leƙa ya dubi Mas'udu sama da ƙasa, ba gaggawa. "Allah ya kyauta."

Suka koma ta hanyar da suka fito.

Ba su ɗauki komai ba. Ba su nuna komai ba. Wataƙila manoma ne. Amma Malam Zailani bai yarda su ƙara minti ɗaya a wurin ba. Da wata tsohuwar motar haya ta ɓullo, ya shiga tsakiyar titi da farar rigarsa ya ɗaga hannu biyu. Allah ya sa direban ɗan Ƙetare ne, mai sayen taki a wurinsa. Suka bar jif da masara a nan, suka matsu a kujerar gaba su biyu.

Da safe janwe ya jawo ta. Ba a taɓa ko buhu ɗaya ba, kuma wannan bai kwantar wa Malam Zailani da hankali ba ko kaɗan. Aka sauke ta a gindin darbejiya, cikinta a ƙasa, rabin gari ya zo kallo. Gide ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya taso yana kakkaɓe hannu.

"Ba ƙarfe ke riƙe da ita ba, Baba Malam, iska ce. Kowace taya da jakarta, kamar balan-balan. Ta gaban hagu ta fashe, famfon da ke hura su kuma ya ƙone. Nauyin masarar ne."

"Masara ta ƙarasa dai," in ji Muttaka. Yau babu wasa a muryarsa. "Jakar nan ba ta fashewa rana ɗaya. Yoyo take farawa, famfon ya yi ta wahalar cikawa har ya mutu. Da an gani da wuri, jaka ɗaya ce a canza, a wuce wurin. Abin mamaki, tana nunawa. In ta kwana sai a tarar ta kwanta ta gefen da ke yoyon. Mas'udu, ba ka taɓa ganin ta kwanta da safe ba?"

"Ko sau ɗaya."

Malam Zailani kuwa ya sha gani. Yana iya yin shiru, babu wanda zai sani sai Hajiya Suwaibatu.

"Kullum da asuba a durƙushe nake samunta," ya ce.

Duk suka juyo.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun masara ba ta yi goyo ba." Ya dubi ƙasa. "Ta gefen ƙofar zaure. Na ɗauka gaishe ni take yi."

Gide ya buɗe baki zai yi dariya, ya haɗiye ta. Muttaka ya cire hula ya mayar. Da sun yi dariyar da ya fi masa sauƙi. Mas'udu ya dubi tayar da ta shige cikin jikin motar, sannan ya ce, "Ba komai, Baba. Ai ni ban gaya maka yadda take ba." Ya kama hannun uban ya raka shi shago, kamar yadda yake yi a zamanin a-kori-kura.

Gyaran ya fi ƙarfin Ƙanƙara. Bakaniken Funtuwa ya zo ya duba ya ce shi ba ya taɓa irin wannan. Sai Kano, kayan kuma sai an yi odarsu daga waje. Gide ya kawo shawarar a cire iskar gaba ɗaya a sa mata ƙarfe irin na kowa. Muttaka ya ce in an yi haka ta zama a-kori-kura mai kwalliya, kuma babu mai sayenta da daraja. Suka ɗan taɓa musu, amma ba armashi.

Ana cikin haka wayar ta zo. Mas'udu na zaune a shagon uban da azahar, baƙuwar lamba ta kira. Ya ɗauka, ya saurara, ya ce, "Wa ke magana?" Sannan ya sauke wayar a hankali.

"Wane ne?"

"Bai faɗa ba."

"Mi ya ce?"

"Ya ce, Alhaji Mas'udu, ya jikin Mai Ladabi? Ya ce a gaishe ta, suna nan zuwa dubiya."

Suka kira lambar, a kashe. Gide ya rantse ba shi ba ne, Muttaka ma haka. Wasu suka ce 'yan iskan gari ne ke tsokana, an sha yi. Wasu suka ce haka aka yi wa wani mai shago a Faskari kafin a zo a ɗauke shi. Mas'udu ya ce shi ba inda za shi, yana da masara a ƙasa, yana da uwa da uba.

Malam Zailani ne ya ce ya tafi. Shi da bakinsa. Mutumin da ya shekara yana roƙon Allah ya bar masa ɗa guda a gari, shi ya zauna a zaure ya ce, "Ka bi motarka Kano. Ka ɗauki Shafa'atu da Ikhlas. Kada ka kwana uku a garin nan."

"Baba, wa zai kama maka hannu?"

"Ina da sanda."

Aka ɗora Mai Ladabi a bayan babbar mota aka ɗaure da sarƙa. Ko a can sama tana da kyau, rana na wasa a jikinta, yara na ɗaga mata hannu. Mas'udu da iyalinsa suka shiga motar haya ta tasha kamar kowa. Ikhlas ta leƙo ta taga ta ce, "Kaka, in ta warke za mu dawo da ita ta gaishe ka." Hajiya Suwaibatu ta juya ta shige gida.

Yanzu majalisar gindin darbejiya ta koma musun wata sabuwar jif da suka gani a waya, wai gabanta kamar akwatin talabijin. In Malam Zailani ya wuce sai su rage murya. Tamfol ɗin yana nan a ninke a filin bayan zaure, inda tayoyi huɗu suka bar gurbi, na gaban hagu ya fi zurfi. Da yamma yakan sami kansa yana kasa kunne wajen kwanar tasha, sai ya tuna a-kori-kurar tana Funtuwa tana yi wa wani dako.

Mas'udu na kira duk Juma'a. Ya kama ɗaki a Kano, yana taɓa dillancin hatsi a kasuwa kafin kayan gyara su iso. Motar na gareji a durƙushe, masu taya ta suna zuwa suna tafiya. Har yau ba a san wanda ya buga wayar nan ba, ba a san ko wasa ne ko gaske ba. Malam Zailani bai san ko motar za ta sake miƙewa ba, kuma bai san ko Mas'udu zai dawo Ƙanƙara da zama ba.